Sirdin roba ko na fata? Amsa ga mai sabon doki

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai Allah ya sanya alheri, ya tsare ku kai da dokin, ya sa ka more shi. Tambayarka a taƙaice ita ce ka samu dokinka na farko, ɗan shekara huɗu, kana son sayen sirdi, masu dawakan da ka tuntuɓa kuma sun rabu biyu, wasu sun ce ka sayi na roba ka huta da wahala, wasu sun ce in ba fata ba ai ba sirdi ba ne, har wani ya ce maka roba tana ƙona bayan doki. Toh zan faɗa maka abin da na gani da idona cikin shekarun da na yi ina hawa, ina kuma gwada wa dawakan mutane sirdi.

Abu na farko da nake so ka riƙe, shi doki bai san da me aka lulluɓe sirdi ba. Abin da ya sani shi ne inda nauyinka yake sauka a bayansa. Duk gardamar roba da fata da ake yi, a kan rigar sirdin ake yin ta, wato abin da ido ke gani da abin da cinyarka ke taɓawa, alhali abin da ke raunata doki ko ya ba shi lafiya yana can ciki: ƙashin sirdin, wato firam ɗin nan na katako ko na roba mai tauri da aka gina komai a kansa, sai kuma matasan nan biyu da ke kwanciya hagu da dama na ƙashin bayansa. Na ga sirdin fata mai kyau ƙwarai da ya yi wa godiya miki saboda ya matse ta a kafaɗa, na kuma ga na roba wanda ba wanda zai kalle shi sau biyu amma dokin da ke ɗauke da shi ya yi shekaru bayansa sumul. Shi ya sa idan mai doki ya ce min “roba ta ɓata min doki” ko “fata ta ɓata min doki”, tambayar da nake fara yi masa ita ce wa ya auna sirdin a jikin dokin, kuma sau da yawa amsar ita ce babu kowa, a hoto ya gani ya yi masa kyau ya saya.

Amma fa wannan ba yana nufin babu bambanci ba, akwai, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Bari mu fara da su masu son roba, tunda su ne sababbi a fagen. Abin da ake kira sirdin roba ba irin robar bokiti ba ne, yadi ne na nailan ko makamancinsa da aka yi wa shafe ya yi kama da fata, wani kuma an yi masa laushi-laushi kamar bayan fata mai gashi-gashi. Kamfanin Bates da ke Perth a Ostareliya shi ya fito da sirdin roba mai suna Wintec a 1986, kuma daga nan ne sirdin roba ya samu karɓuwa a duniya, a Ingila kuma akwai Thorowgood da ke yin nasu. A ɓangaren sirdin kaboyi na Amurka, wanda ke da ƙaho a gaba, akwai irin su Abetta da ke amfani da yadin Cordura, nailan ne mai ƙarfi wanda ake yin jakunkunan sojoji da shi. Masu irin wannan sirdi idan ka zauna da su abu uku za ka ji suna maimaitawa, sauƙin kuɗi, rashin nauyi, da rashin wahalar kula. Ka dawo daga kilisa ruwan sama ya yi maka duka, laka har kwacciya, wato tudun gaba ko na bayan sirdi, sai kawai ka ɗauko tsumma da ruwa da ɗan sabulu ka goge, ko ma ka sa tiyo ka wanke, ka ajiye a inuwa ya sha iska, gobe ka ɗaura abinka. Wanda ya taɓa kwana yana fargabar sirdin fatarsa da ya jiƙe sharkaf shi ya san darajar wannan.

Ka je wajen masu tseren dogon zango ka ga inda roba ta yi kaka-gida. Akwai gasar da ake kira Tevis Cup a Kalifoniya, tun 1955 ake yin ta, mil 100 ne wato kusan kilomita 160 cikin awa 24, kan duwatsu da tsallaka kogi. Irin waɗannan mahaya duk inda aka tsaya sai sun kwarara wa doki ruwa don ya huce, gumi mai gishiri yana zuba wuni guda, toh fata ba ta son wannan ko kaɗan, shi ya sa za ka ga da yawansu ragama da linzami da majayi duk na roba ne, siradan ma da yawa haka. Makarantun koyon hawa su ma suna son sa, don sirdi ɗaya yara goma za su hau a rana, wannan ya ja shi a ƙasa wancan ya jingina shi da bango, ba wanda zai zauna shafa mai.

Maganar nauyi kuma bari in ɗan tsaya a kanta don ana yawan zuzuta ta. A sirdi samfurin Ingila, irin wanda ake tsallake shinge da shi, bambancin bai taka kara ya karya ba, na fata zai yi kamar kilo 6 zuwa 8, na roba ya gaza shi da kilo ɗaya ko biyu. Idan kai kanka kilo 75 ne, wannan kilo biyun ba shi ne zai gajiyar da dokin ba. Inda abin yake da girma shi ne sirdin kaboyi, na fata na aiki yana kaiwa kilo 15 zuwa 20, na Cordura kuma bai fi 7 zuwa 9 ba. Akwai wani ƙiyasi da masu dawaki suka daɗe suna amfani da shi, cewa kada abin da doki zai ɗauka, mahayi da kaya gaba ɗaya, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Kaga doki mai kilo 400 kilo 80 kenan, in sirdi kaɗai ya cinye 18 me ya rage maka? A nan kam roba ta yi rana. Sannan akwai shi mai ɗaga sirdin ya ɗora, yaro ne ko dattijo ko mai ciwon kafaɗa, na san waɗanda suka koma roba don wannan dalilin kaɗai, kuma dokin ma ya huta don an daina jefa masa sirdi tim a baya, yanzu a hankali ake sauke masa.

Su kuma masu fata, gaskiya ni zuciyata tana wajensu, ba zan ɓoye maka ba. Fata mai kyau wadda aka jeme da ɓawon itace tana da wani abu da roba ba ta da shi: tana koyon jikinka. Sabon sirdin fata yana da tauri, yana ƙara ƙiiƙii, makonnin farko har cinyarka za ta yi tsami, amma bayan wata biyu uku na hawa sai ka ga fiffiken, wato fatar da ke sauka a gefen sirdi, ya lanƙwashe daidai inda gwiwarka ke zama, mazaunin ya ɗauki siffarka, ka zauna ka ji kamar an zuba ka a ciki. Roba yadda ka saye ta haka za ta zauna har ta mutu, in ta yi maka daɗi ranar farko toh madalla, in ba ta yi ba kar ka sa rai wai za ta saki. Sannan fata tana gyaruwa. Ɗinki ya warware, baduku ya mayar. Maɗaurin majayi ya tsufa, a cire a sa sabo. Mazauni ya huje, a canza fatar. Na hau sirdin da ya girmi wasu daga cikin yaran da nake koya wa hawa, an sake masa cushe ba sau ɗaya ba, kuma har yau ƙalau yake. Gidajen da suka yi suna a wannan sana'a tsofaffi ne, Passier a Jamus tun 1867, Stübben tun 1894, Hermès na Faransa da mutane suka sani da jakunkuna, shi ma da kayan doki ya fara a 1837 kuma har yanzu suna ɗinka sirdi, garin Walsall a Ingila kuwa sunansa ma da sirdi aka san shi. Irin sirdin waɗannan in ka riƙe shi da kyau ka tashi sayarwa za ka samu wani abu mai kauri daga kuɗinka, na roba kuwa da ya kwana biyu darajarsa ta faɗi.

Shi na roba tsufansa ba kyau. Shafen saman yakan fara tsattsagewa daga inda igiyar likkafa ke gogar fiffike, sai ya fara ɓarewa kamar fenti, yadin ƙasa ya bayyana, kuma daga nan babu baduku da zai iya mayar da shi. Rana ita ce babbar abokiyar gabarsa, in ka saba barinsa a kan katanga ko cikin mota a rufe, zai bushe ya yi ƙamas. Wurin da na fi so ka sa wa ido shi ne maɗauran majayi, ka lanƙwasa kowanne da hannu ka duba bakin ramukan, in ka ga ƙananan tsaga kamar leɓen da hunturu ya fasa toh canza su yau ba gobe ba, don su ne ke riƙe da ranka in doki yana sukuwa. Mai kyau daga cikinsu a abin da na gani yakan yi shekara goma yana aiki, wani ya wuce in ana lallaɓa shi, amma ba abin da za ka bar wa ɗanka gado ba ne.

Sai dai ita ma fata tana da haƙƙinta a kanka, kuma nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Kowa yana son ƙamshin fata da sheƙinta, ba kowa ke son zama da soso da sabulun sirdi bayan ya gaji ba. Gumin doki gishiri ne, in ya bushe a jikin fata yana tsotse manta. Dole bayan hawa ka goge da tsumma mai ɗan danshi, lokaci-lokaci ka wanke da sabulunta ka shafa mata man fata kaɗan, kaɗan fa na ce, don wanda ya tsuma sirdinsa da mai shi ma ya kashe shi, fatar za ta yi laɓo-laɓo ta miƙe ta daina riƙe siffa. In ta jiƙe kar ka kai ta rana ko kusa da wuta, a inuwa za ta bushe a hankali. In wurin ajiyarka yana da danshi kuma, sati biyu ya isa ka buɗe ɗaki ka tarar fumfuna ta yi kore-kore a kan fiffike da cikin ɗinki. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min sirdi mai tsada da ya ajiye cikin leda duk tsawon damina wai don kar ƙura ta taɓa shi, da muka buɗe warin kaɗai ya isa, zaren ɗinkin maɗauran ya ruɓe ina ja da yatsa yana tsinkewa. Abin ya ba ni takaici sosai don sirdi ne da zai yi shekara talatin. Toh ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, kana da wannan lokacin, ko kana da mai kula da barga da zai yi shi yadda ya kamata?

Yanzu maganar da aka faɗa maka cewa roba tana ƙona bayan doki. Ni ban yarda da ita yadda aka faɗe ta ba. Sirdi ko wane iri ne yawanci ba ya zama kai tsaye a fatar doki, akwai jalala ko shimfiɗa a tsakani, kuma duk dokin da ya yi aiki sai ya yi gumi a ƙarƙashin sirdi, na fata ne ko na roba. Abin da mutane ke gani su ce ƙuna, gashi ya zube fata ta yi ja ko ta kumbura, wannan gogayya ce da dannewa, ko sirdin bai zauna daidai ba yana zamewa gaba da baya, ko shimfiɗar ta yi datti gumi ya bushe ya yi tauri kamar kwali, ko kuma ita shimfiɗar ce ta nailan marar shan gumi. Ka samu shimfiɗar auduga ko ta gashin tumaki mai tsabta, ka riƙa wanke ta. Inda maganar zafi take da gaskiya shi ne wajenka kai mahayi, baƙin sirdin roba in ya sha rana zama a kansa sai an daure, kuma wasu na cewa yana sa su gumi a cinya fiye da fata. Haka kuma mai laushi-laushin nan yana kama wando sosai, sabon mahayi yana jin daɗin haka don yana ji ya zauna daram, amma wanda ya ƙware sau da yawa yakan ce ya riƙe shi da yawa ya hana shi ɗan motsin da yake so.

Toh ga inda nake so ka buɗe kunne, don shi ne tarkon da sababbin masu doki suka fi faɗawa. In kuɗinka ba su da yawa, zaɓin da ke gabanka a zahiri ba tsakanin roba da fata mai kyau ba ne, tsakanin roba mai kyau ne da fata ta banza. Kasuwa cike take da sabbin siradan fata masu arha, suna sheƙi, har da kyautar likkafa da majayi da linzami a haɗe. Araha ba ta ado. Fatarsu in ka lanƙwasa sai ka ga saman ya tsage fari ya fito don fenti ne aka shafa, tana da tauri kamar kwali, ba ta shan mai. Wannan ma da sauƙi, abin tsoron yana ciki. Na farke irin su ba ɗaya ba, na tarar ƙashin a karkace yake tun daga masana'anta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, an cusa matasan da tsummokara da guntayen soso sun dunƙule kamar duwatsu, akwai wanda na samu kan ƙusa ya kusa hudo matashi ta ɓangaren da ke kan doki. Doki ba ya magana, sai dai ka ga ya fara kwantar da kunne in ya hango sirdi, yana kai cizo in ana jan majayi, yana lotsa baya in za ka hau, yana ƙin gangara, sai a ce ya yi mugun hali a ƙara masa bulala. Wallahi wannan abin yana ƙona min rai. Tsakanin irin wannan da Wintec ko Thorowgood, ko na hannu ne, ba na ko tsayawa tunani.

Sai kuma shekarun dokinka, wanda shi ne dalilin da ya sa amsata gare ka ta bambanta da wadda zan ba wani. Ɗan shekara huɗu bai gama ginuwa ba, ƙashin bayan doki shi ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara shida, kuma da ya fara aiki sosai naman kafaɗa da na baya zai cika, faɗinsa ya canza. Sirdin da ya zauna masa yau, nan da wata takwas yana iya matse shi. Yawancin siradan roba masu suna an yi su da wani ƙarfe mai siffar baka a gaba wanda ake kwancewa a canza. A na Wintec launi-launi ne, rawaya shi ne matsattse, sai kore, sai baƙi matsakaici, sai shuɗi, sai ja mai faɗi, sai fari wanda ya fi shi. Ka kifa sirdin a cinyarka, ka kwance sukurori da sukundireba, ka buɗe bakin matasan, ka zare ƙarfen ka sa na gaba da shi, minti goma sha biyar ka gama. Ga doki mai tasowa wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Yanzu akwai na fata ma masu wannan tsarin, akwai kuma haɗin gambiza, mazauni da wurin gwiwa fata sauran jiki roba, ga wanda ke son ɗanɗanon duka biyun.

Amma kar a ruɗe ka da cewa canza ƙarfen nan yana sa sirdi ya zauna wa kowane doki, masu sayarwa suna son faɗin haka. Ƙarfen buɗin gaba kawai yake canzawa. Lanƙwasar ƙashin daga gaba zuwa baya tana nan yadda take. In dokinka mai shimfiɗaɗɗen baya ne sirdin kuma mai lanƙwasa, zai riƙa lilo kamar kwale-kwale, in dokin mai lotsattsen baya ne sirdin kuma miƙaƙƙe, zai taɓa gaba da baya kawai tsakiya a sama kamar gada, duk nauyinka ya taru a wuri huɗu. Babu launin ƙarfen da zai gyara wannan. Ka kuma tambayi abin da ke cikin matasan, in gashin tumaki ne ko ulun roba ana iya ƙarawa a rage a daidaita, in soso ne yadda aka zuba shi haka yake, akwai kuma masu jakar iska a ciki waɗanda ra'ayin mutane ya rabu sosai a kansu, wasu sun ce dokinsu ya sake, wasu sun ce suna ji kamar suna tsalle a kan ƙwallo. Ni na fi son mai gashi saboda hannu yana iya shiga ya gyara.

Ga yadda za ka gwada, kuma kar ka biya kuɗi sai an yarda ka gwada ko ka mayar in bai yi ba. Ka tsayar da dokin a wuri mai lebur ƙafafu huɗu daidai. Ɗora sirdin ba shimfiɗa, ka sa shi ɗan gaba a kan tudun kafaɗa inda geza ta ƙare, ka zame shi baya har ya tsaya da kansa. Ka laluba ƙashin allon kafaɗa da yatsa, bakin ƙashin sirdin ya kasance bayansa da kamar yatsa biyu zuwa uku don kafaɗar ta samu wurin juyawa. Tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa yatsunka uku su shiga a tsaye, in ka hau kuma kar ya gaza biyu. Ka koma ta baya, a gefe kaɗan don tsaro, ka leƙa ta ramin da ke tsakanin matasan, ya kamata ka hango haske har gaba, babu inda ya taɓa ƙashin baya. Ka zura tafin hannunka ƙarƙashin matashi ka ja daga gaba zuwa baya, dannewar ta zama iri ɗaya, ba inda ya cije hannunka ba inda ya yi fanko. Doki haƙarƙari 18 gare shi a kowane gefe, ka lalubo na ƙarshe ka bi shi sama, kar matashin ya wuce nan, don bayan wurin ƙugu ne ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Daga nan ka sa farar shimfiɗa siririya ka hau minti ashirin ko talatin, tafiya da sassarfa da ɗan sukuwa, ka sauke ka kalli bayan. Gumi ya jiƙa ko'ina daidai hagu da dama, in ka ga wani ɗan wuri busasshe ƙamas tsakiyar jiƙa, ko gashi ya murɗe ya tashi, toh nan ake danne shi. In aka bari, a nan farin gashi zai tsiro daga baya, kuma farin gashin nan ba ya komawa.

In na hannu za ka saya, roba ko fata, ka dafa kwacciyar gaba a cinyarka ka jawo ta baya zuwa gare ka da ƙarfi, in ka ji ƙas ko ka ga mazaunin ya tattare ya yi layi-layi toh ƙashin ya karye, ka ajiye musu abinsu ko kyauta ne. Ka juya shi ka kalli matasan ko girmansu ɗaya, ka girgiza ƙarfen da igiyar likkafa ke ratayewa ko yana motsi.

Wata dabara da za ta taimake ka da wannan dokin mai tasowa, ka samu waya mai lanƙwasuwa ka kwantar da ita a bayansa daidai inda gaban sirdi ke zama, ta ɗauki siffar, ka ɗora a kwali ka zana ka rubuta kwanan wata. Duk wata uku ka sake. Da idonka za ka ga yadda yake buɗewa, ka san lokacin canza ƙarfe ya yi kafin shi ya faɗa maka da cizo. In akwai ƙwararren mai auna sirdi da za ka iya samu, ka kira shi ya duba kamar sau biyu a shekara, a Ingila ma ƙungiya guda gare su ta manyan masu sirdi da ke horar da masu wannan aikin tana ba su shaida.

Akwai abubuwa biyu da roba ba ta shiga. In aikin shanu za ka yi irin na kaboyi, ka jefa igiya ka ɗaure a ƙahon sirdi bijimi ya fizga, toh sai sirdin fata mai ƙashin katako da aka naɗe da ɗanyar fata, marar nauyin nan na Cordura ba don haka aka yi shi ba, zai iya tsagewa a ƙarƙashinka. In kuma gasar ado da nuna doki kake hari, can ido yana aiki, ka karanta dokar gasar kafin ka saya, ko da yake a tsallake shinge da dogon zango ba a hana roba. Akwai kuma masu gudun fata don ba sa son amfani da abin da ya fito daga jikin dabba, da masu gudun roba don daga man fetur take kuma ba ta ruɓewa in an yar, wannan kowa da inda zuciyarsa ta kwanta.

Don haka ni da ni ne kai ƙanena, da wannan dokin ɗan shekara huɗu, zan nemi sirdin roba na kamfanin da aka sani, mai ƙarfen da ake canzawa, mai cushen da ake iya gyarawa, in gwada shi yadda na faɗa maka, ragowar kuɗin in sa a majayi mai kyau da shimfiɗa biyu don in riƙa wanke ɗaya ina amfani da ɗaya. Kar ka shafa masa man fata ko kaɗan, ruwa da sabulu kawai, igiyar likkafa ma ka sa ta roba don mai daga ta fata yana ɓata fiffiken. In dokin ya kai shekara shida ko bakwai bayansa ya tsaya, kai ma ka san irin hawan da ka fi so da irin zaman da ya yi maka, lokacin sai ka nemi na fata mai kyau, ko na hannu ne daga gidan kirki, ka sa a cusa shi daidai bayansa, na robar kuma ya zama na ranar ruwa da na baƙi. In ka yi zanen wayar nan ka ɗauki hoton bayansa daga gefe da kuma daga sama ta baya yana tsaye daidai, ka turo min in gani, sai in faɗa maka irin lanƙwasar ƙashin da za ka nema.